Tarihin Numfashin Inji da Dalilin Yoyon Baƙin Mai

Duk inda mota ta kwana, in ta tashi da safe a dubi ƙasa. Sau da yawa za a tarar da baƙin tabo a wurin, wani kamar faɗin tafin hannu, wani kamar faɗin faifai. Haka abin yake ƙarƙashin injin niƙa na unguwa, da injin ban ruwa na garake, da baburan ƴan kabu-kabu masu kai da kawowa tsakanin Matamaye da Kance. Mun saba da ganin tabon nan har mun ɗauka halin inji ne. Mai mota ya ce tsufa ne. Makaniki ya ce roba ce ta mutu, a sayo sabuwa. A sa sabuwar, kafin wata biyu yoyo ya komo, kuɗin roba da ladan aiki da kuɗin baƙin mai duk sun bi ruwa.

Akwai dalili guda wanda ba a cika dubawa ba. Inji yana numfashi. In aka toshe masa numfashin nan sai ya nemi mafita da ƙarfi, ya turo mai waje ta duk inda ya sami rauni. Su kansu maƙeran mota sun yi shekara kusan 80 suna fama da wannan al'amari kafin su daidaita shi. Labarin ya faro daga Ingila da Jamus, ya bi ta Amurka, ya iso mana nan bisa motocin gujiya. Ya kamata mu san shi, domin wanda ya san asalin ciwo sau ɗaya yake sayen magani.

Abin da ke gudana cikin inji

Cikin kowane inji akwai rami mai santsi da ake kira silinda. Cikin silinda akwai fistan, yana hawa yana sauka kamar taɓarya cikin turmi. Fetur da iska su shiga ta sama, fistan ya matse su, wuta ta kama, ƙarfin fashewar ya tunkuɗo fistan ƙasa, shi kuma ya juya wani lanƙwasasshen ƙarfe mai suna karanshaf. Wani Bajamushe, Nikolaus Otto, shi ya ƙera inji mai wannan tsari na bugu huɗu a 1876. A 1886 kuma Karl Benz ya sami takardar shaidar ƙera motarsa ta farko, mai ƙafa uku.

Karanshaf yana juyawa cikin wani rufaffen ɗaki ƙarƙashin silinda. Makanikan da suka koyi aiki da Faransanci suna ce masa kartar. Mu a nan bari mu kira shi tumbin inji. A gindin tumbin nan kwanon baƙin mai yake, daga nan famfo ke ɗibar mai yana kai wa duk inda ƙarfe ke gugar ƙarfe.

Tsakanin fistan da bangon silinda akwai zobba na ƙarfe, su ne ringi. Aikinsu su tsare wutar sama kada ta sauko, su tsare man ƙasa kada ya hau. John Ramsbottom, wani injiniyan jirgin ƙasa a Ingila, shi ya fito da irin wannan zobe a 1852, don injin tururi. Zoben yana da ƴar tsaga a gefe guda, kuma dole ce ta sa, domin ƙarfe yana buɗewa in ya yi zafi, in babu tsagar sai ya cije cikin silinda. Saboda haka ko inji sabo fil ne, duk lokacin da wuta ta kama, wani ɗan hayaƙi yana sulalewa ta gefen ringi ya faɗa cikin tumbi.

Bari mu yi ɗan lissafi. In inji yana juyi 3,000 a minti ɗaya, kowace silinda tana kama wuta sau 1,500, watau sau 25 a daƙiƙa. Mota mai silinda 4, sau 100 ke nan a daƙiƙa. Abin da ke sulalewa a kowane bugu kaɗan ne, amma da yayyafi kogi kan cika.

Me ke cikin hayaƙin nan? Akwai fetur da bai ƙone ba, akwai kunkunniya, akwai tururin ruwa mai yawa, domin lita ɗaya ta fetur in ta ƙone tana ba da ruwa wajen lita ɗaya. Ɓarnarsa iri biyu ce. Ta farko, yana gurɓata mai: fetur ya tsinka shi, ruwa da kunkunniya su mai da shi baƙin kunu mai kauri, mai tsamin da ke cin ƙarfe. Ta biyu, yana cika tumbi da iska, kamar ana hura salka. Dole a sama masa hanyar fita.

Zamanin da inji ke tofarwa ƙasa

Maƙeran farko ba su damu da wannan ba. Injunan zamaninsu a sake suke. Abin da ake sawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe bai wuce takarda da fata da igiya da matsattsen gashin tumaki ba, hayaƙi da mai suna fita ta ko'ina. A wasu motocin ma ɗiga man ake yi a kai a kai, ya yi aikinsa ya ƙone ko ya zube, direba ya ƙara wani. A wancan lokaci yoyo ba aibi ba ne.

Da injuna suka ƙara gudu da zafi, sai aka shiga neman hanyar tsare mai. A 1929, a garin Weinheim na Jamus, akwai wani kamfani mai suna Freudenberg, wanda asalin sana'arsa jima ce. Wani injiniyansu, Walther Simmer, ya haɗa zoben fata cikin gidan ƙarfe don ya rungume sanda mai juyawa. Bayan ƴan shekaru aka bar fata aka koma robar da ake haɗawa a masana'anta, wadda mai ba ya narkar da ita. Wannan ita ce kakar robar da ake sawa yau a bakin karanshaf gaba da baya, kuma har yanzu a Jamus da sunan mutumin nan ake kiran ta.

To, amma kowace mace ta san abin da kan faru in an danne murfin tukunya tana tafasa. Gwargwadon yadda aka toshe kafofin inji, gwargwadon yadda iska ke taruwa ciki. Don haka wajen ƙarshen shekarun 1920 aka fito da wata dabara. Aka sa tiyon ƙarfe daga tumbin inji ya sauko ƙarƙashin mota, an yanke bakinsa a karkace. In mota tana gudu, iskar da ke wucewa ƙarƙashinta tana zuƙe hayaƙin ta bakin tiyon. Sabuwar iska kuwa tana shiga ta marfin zuba mai, wanda aka cusa wa ƴar ragar waya don tace ƙura.

Dabarar ta yi aiki shekara fiye da 30, amma tana da aibi. Sai mota ta kai gudun kilomita 30 a awa, ko kusa da haka, kafin zuƙar ta kama. Motar da ke yawo cikin gari tana tsaye-tsaye, tumbinta ba ya wankuwa, mai ya daskare. Ruwa da ƙura kuma suna iya shiga ta bakin tiyon. A manyan hanyoyin Amurka na zamanin nan, tsakiyar kowane layi akwai baƙin zane na man da dubban motoci suka tofar.

A yaƙin duniya na biyu, 1939 zuwa 1945, sojoji sun bukaci motocin da za su ratsa ruwa mai zurfi. Tiyon da ke buɗe ƙasa ba zai yi ba, ruwa zai cika inji. Sai aka rufe shi, aka sa injin da kansa ya riƙa zuƙe hayaƙin tumbinsa ta hanyar da yake shaƙar iska. Da yaƙi ya ƙare, yawancin maƙeran motocin gida ba su ga dalilin kashe kuɗi a kan wannan ba, suka ci gaba da tsohon tiyo.

Yadda mota ta iso mana

Cikin zamanin nan ne mota ta shigo ƙasarmu. A watan Oktoba na 1924 wasu motoci 8 na kamfanin Citroën, masu ƙafa a gaba da sarƙar roba a baya, suka taso daga Colomb-Béchar ta Aljeriya, suka ƙetare hamada, suka bi ta Yamai, suka iso Damagaram kafin ƙarshen shekarar, suka zarce Tafkin Cadi. A lokacin Damagaram ce hedkwatar mulkin Faransa a Nijar, sai a 1926 aka mai da ita Yamai.

Amma abin da ya cika hanyarmu da motoci shi ne gujiya, wadda mutanen Kano ke kira gyaɗa. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gujiyar Matamaye da Magarya da Mirya can take nufa, da fari bisa raƙuma da jakuna, daga baya bisa kamiyo. A 1953 Faransawa suka buɗe wata hanya ta yamma, kamiyo ya kai kaya Faraku a Dahomey, watau Benin ta yau, jirgin ƙasa ya ƙarasa da su Kwatano. Bayan samun mulkin kai aka kafa SONARA a 1962 don sayen gujiya, aka kafa UNCC a shekarar don haɗa kan manoma. Nan Matamaye har masana'antar tatsar man gujiya an yi. Ciniki ya yi ƙarfi cikin shekarun 1960, kafin fari na 1973 da cutar da ta kama gujiya a 1975 su karya shi.

Manyan motocin da suka yi wannan jigila, irin su Berliet ta Faransa da Mercedes ta Jamus, masu shan gazuwal ne, kuma numfashinsu a buɗe yake, tiyo yana kallon ƙasa. Wurinsu direbobinmu da makanikanmu na farko suka koyi aiki. A idonsu inji mai lafiya shi ne wanda ke ɗan huci ta ƙasa yana ɗigar da mai kaɗan, kuma a kan irin waɗannan motoci gaskiyarsu ce. Suka koya wa yaransu haka, yaran suka koya wa nasu. Alhali a wata ƙasa mai nisa an riga an sake tsarin.

Hazon da ya sa aka sake tunani

Los Anjeles babban birni ne a jihar Kalifoniya ta Amurka, tsakanin teku da duwatsu, mai yawan rana da yawan motoci. Ranar 26 ga Yuli 1943 wani hazo ya rufe tsakiyar birnin, idanu suna yaji, maƙogwaro yana ƙaiƙayi. Da yake ana cikin yaƙi, wasu sun zaci Japan ce ta watsa guba. Aka tuhumi wata masana'anta, aka rufe ta, hazo bai daina ba. Kowace shekara sai ƙaruwa yake, har ganyayen gonaki suna ƙonewa, tayoyin roba suna tsattsagewa.

Wanda ya gano bakin zaren shi ne Arie Haagen-Smit, mutumin Holan, malamin ilimin haɗe-haɗe a wata babbar makaranta da ke Pasadena. Kafin nan aikinsa binciken ƙanshin tsirrai ne, har da na abarba. Tsakanin 1950 da 1952 ya nuna cewa tururin fetur da bai ƙone ba, in ya gamu da wani hayaƙin da wutar inji ke haifarwa, rana kuma ta buge su, su ke zama wannan hazo mai yaji. Kamfanonin mai da na mota suka yi ta gardama da shi, amma da aka sake gwaji a wasu wurare, maganarsa ta tabbata.

Da fari kowa salansa yake kallo. Sai wajen ƙarshen shekarun 1950 masu bincike na kamfanin General Motors suka auna abin da ke fita ta tiyon nan na ƙasa, suka tarar ba kaɗan ba ne. Lissafin da aka tsaya a kai daga baya shi ne, cikin ɗanyen fetur da mota ke watsawa iska, wajen kashi ɗaya cikin biyar ta nan yake fita. Maganinsa kuwa yana nan tun zamanin yaƙi, kuma ba shi da tsada. Sababbin motocin 1961 da aka sayar a Kalifoniya suka fito da shi. Zuwa 1963 ya game yawancin sababbin motocin Amurka. A 1970 ƙasashen kasuwar tarayyar Turai, har da Faransa da Jamus, suka yi dokarsu ta hayaƙin mota, cikinta akwai gwajin abin da ke fita daga tumbin inji. Wannan ita ce na'ura ta farko da aka sa wa motoci da yawa don tsabtar iska.

Masu mota ma sun ci riba ba tare da sun nema ba. Da yake yanzu tumbi yana wankuwa ko mota tana tsaye, mai ya daɗe bai lalace ba, yoyo kuma ya ragu.

Yadda sabon tsarin ke aiki

Injin fetur yana shaƙar iska ta wata hanya mai ƙofa. Ƙofar nan ita ce totur ke buɗewa da rufewa. In tana kusa da rufe, fistan yana ja amma iska ba ta isa, sai a sami zuƙa mai ƙarfi a bayanta, kamar mai tsotsar tsinken kara. Da wannan zuƙar aka yi amfani.

Tiyo biyu ne. Na farko yana kawo iska mai tsabta daga matatar iska zuwa cikin inji. Na biyu yana ɗauke hayaƙin tumbi ya kai shi hanyar shaƙa, ya koma silinda ya ƙone. Kafin hayaƙin ya fita yana ratsa wasu faranti ko raga ƙarƙashin marfin saman inji, ɗigon mai ya maƙale ya koma kwano.

A kan tiyo na biyu akwai ƴar bawul, ba ta fi babban yatsa ba, cikinta ɗan ƙarfe ne da waya mai tsalle. A littattafan mota ana rubuta ta da haruffa uku, PCV. Faransawa suna kiran kafar numfashin da reniflard, watau mai shinshina. In inji yana aiki a hankali zuƙa tana da ƙarfi, hayaƙi kuwa kaɗan ne, sai ƙarfen ya matsa ya bar ƴar ƙaramar hanya. In an taka totur zuƙa ta ragu, hayaƙi ya ƙaru, sai hanyar ta buɗe. In wuta ta buga baya, bawul ta rufe ruf, kada wutar ta shiga tumbi. Ta haka iskar tumbi yawancin lokaci tana ƙasa kaɗan da ta waje, robobi ba su shan turi.

Injin gazuwal ba shi da irin wannan zuƙa, don haka nasa tiyon yana komawa hanyar iska kai tsaye, ko kuwa a tsofaffin kamiyo da injunan niƙa yana nan buɗe. Babur da injin ban ruwa da ƙaramin janareto suna da ƴar kafa ko ɗan faifai mai buɗewa gefe guda, da ɗan tiyon roba zuwa akwatin matatar iska. Girma ya bambanta, amma dalilin guda ne.

Inji cikin ƙasar ƙura

Motoci masu rufaffen numfashi sun iso mana a hankali. Akwai na Turai irin su Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Akwai na Japan. Daga baya kuma ga motocin hannu da ake saukewa a Kwatano da Lome. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙidaya cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14, kuma Afirka ce ta ɗauki kaso mafi girma. Yawancinsu sun riga sun yi tafiya mai nisa, ringi ya fara ci, tiyo ya fara taurarewa.

Nan kuma suka tarar da abin da babu shi a inda aka ƙera su. Ƙurar hunturu da ke rufe mana rana, mai yawa daga cikinta daga Bodele take tasowa, wani busasshen gindin tsohon tafki a arewacin Cadi, wanda masana ke lissafa shi cikin manyan mafaran ƙura na duniya. Ga rairayin hanyoyin ƙauye. In matatar iska ta yage, ko aka cire ta don a ce inji ya ƙara ƙarfi, ƙurar nan ta shiga silinda ta gauraya da mai, ta riƙa wasa ringi kamar dutsen wasa wuƙa. Tsofaffin kamiyo da Land Rover suna da matata mai kwanon mai a ƙasa, ana wankewa a mayar. Ta motocin yanzu takarda ce, in ta ƙare sai sabuwa.

Ga yadda sarƙar take. Ƙura ta ci ringi, hayaƙi ya ƙaru cikin tumbi. Hayaƙi ya ɓata mai, mai ya yi kauri. Kaurin ya toshe raga da bawul da tiyo. Iska ta rasa hanya, ta turo roba. Mai mota ya ga ƙarshen sarƙar kaɗai, watau tabo a ƙasa.

Wani lokaci kuma da hannu ake toshewa. Tiyo ya tsage, inji yana rawa, sai a cusa masa noti ko a ɗaure bakinsa da waya, rawar ta tsaya, kowa ya ce an gyara. Wani kuma ya cire tiyon ya sake shi ƙasa irin na motocin gujiya, ya bar wa ƙura ƙofa, hayaƙin kuma yaran mota da fasinja su shaƙa.

Dalilan yoyo da yadda ake gane su

Na ɗaya, toshewar numfashi. Alamarsa, yoyo ya ɓullo wurare da yawa lokaci guda, sandar awon mai ta riƙa ɗagowa da kanta, a sami mai cikin akwatin matatar iska. A cire ƴar bawul a girgiza. Irin ta da, in tana da lafiya, za a ji ƙarfen ciki yana ƙara. In shiru, ta daskare. A busa tiyo a ga ko iska tana wucewa. In kuwa bawul a buɗe ta maƙale, mai take zuƙa zuwa silinda, a ga shuɗin hayaƙi a salansa, mai yana raguwa ba tare da tabo a ƙasa ba.

Na biyu, cin ringi da silinda. In inji ya yi zafi yana aiki a hankali, a buɗe marfin zuba mai. Ɗan huci kaɗan ba kome. In kuwa hayaƙi yana bugowa fuf-fuf da ƙarfi, hayaƙin ya fi ƙarfin tiyon, kuma ko roba nawa aka sake ba za ta tsaya ba sai an yi aikin ringi.

Na uku, cika mai ya wuce kima. Sandar awo tana da zane biyu, na ƙasa da na sama. Mai ya tsaya tsakaninsu. In ya wuce na sama, karanshaf yana dukan sa ya yi kumfa, ya fantsama cikin hanyar numfashi. A injin gazuwal abin yana da haɗari, domin yana iya shan nasa baƙin man ya yi ta gudu, a kashe makulli ya ƙi tsayawa har ya fashe.

Na huɗu, tsufan roba da gasket, wanda wasu ke kira juwan. Zafi yana taurar da roba ta tsage, musamman in inji ya taɓa tafasa. Wani lokaci ƙarfen da robar ke runguma shi ma ya yi zane, sabuwar roba ba ta kama shi.

Na biyar, aikin hannu. Ɗaure noti fiye da kima yana lanƙwasa bakin kwano ya murƙushe gasket. Ƴar zoben jan ƙarfe ta notin juyen mai, in an yi ta mayar da ita, ba ta ƙara riƙewa. Robar tsohuwar matatar mai tana iya maƙalewa a ɗora sabuwa bisanta. Gam in an lafta da yawa, gutsattsarinsa suna faɗawa ciki su toshe ragar famfo.

Na shida, dutse ko kututture ya bugi kwano a hanyar daji.

Kafin a sayi kome, a wanke inji, a shimfiɗa kwali ƙarƙashinsa ya kwana, a tashe shi a duba da fitila. Mai daga sama yake gangarowa, iskar tafiya kuma baya take kora shi, don haka wurin da ya fi tsawo kuma ya fi gaba cikin inda ya jiƙe, can ne mafari. Kada a raina yoyon bayan karanshaf, yana jiƙa kuloci ya riƙa sulɓewa. Wanda ke ɗiga kan salansa mai zafi kuma yana iya tada gobara.

Abin da ya rage gare mu

Baƙin man da ya zube ba ɓacewa yake yi ba. A fadamun Korama ruwa yana kusa, rijiyar garka ba ta da zurfi, kuma sau da yawa injin ban ruwa a bakinta yake zaune. Man da ya ɗiga nan yana bin rairayi ya sauka inda rake da kabeji ke sha, inda mutane da dabbobi ke sha. A sa wa inji tire ko rabin jarka a ƙasa. Tsohon mai in an juye a tara shi cikin abu mai marfi, kada a zuba a rami, kada a shafa wa yaro ko dabba a ƙurji, don akwai guba cikinsa.

Cikin shekarun 1960, da aka fara miƙa kasuwannin gujiya hannun manoman Matamaye da Magarya, iyayenmu sun shiga ajin yaƙi da jahilci don su karanta sikeli, su riƙe littafin kasuwa da kansu. Mai inji na yau irin wannan karatun yake bukata. Ya karanta zanen sandar awo. Ya karanta lambar da ke jikin galan, irin su 15W40 ko 20W50, ya gwada da abin da littafin injinsa ya ce. Littattafan ƙananan injunan ban ruwa da yawa suna cewa a juye mai bayan awa 20 na farko, sa'an nan kowace awa 100, a riƙa share matatar iska akai-akai in wuri mai ƙura ne. Ya sami ɗan littafi ya rubuta ranar juye da kilomita ko awa, da abin da aka sake, da kuɗin da ya biya. In ya je gareji aka ce masa roba ce, ya ce da ladabi, "Maigida, a duba mini numfashinsa tukuna." Makanikin kirki ba zai ji haushi ba.

Malaman aji kuma, ga darasi a shirye: a aro tsohuwar bawul da ringi ɗaya daga gareji, a kawo aji kowa ya taɓa, a yi lissafin bugun fistan bisa allo, a lissafa kuɗin rabin lita a mako har shekara. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa albarka cikin abin hawanmu da abin sana'armu.